Daga yatsu zuwa ka: kundin aikina da 'yan aji biyu

Litinin, 16 ga Satumba, 2024

Abin da ya sa na buɗe wannan kundi ƙaramin abu ne, amma ya tsaya mini a rai. A makon jiya na tambayi wani yaro ɗan shekara 7, "Takwas da biyar nawa?" Ya miƙe yatsu takwas, ya dubi hannunsa ya ga saura biyu, sai ya sunkuya ya ci gaba da na ƙafa. Ya ce 13, kuma daidai ne. Na ce, "To biyar da takwas fa?" Ya sake miƙe yatsu, ya faro daga ɗaya, kamar bai taɓa haɗuwa da lambobin nan ba.

Yaron ba daƙiƙi ba ne. Yana ƙirga har ɗari, kuma ko yatsa ɗaya bai tsallake ba. Abin da ya rasa shi ne wata hanya banda ƙirga. Wanda ƙirga kawai ya sani zai iya lallaɓawa a aji biyu, amma ranar da aka ce masa 38 da 25, yatsu za su ƙare, hankalinsa ya tafi wajen riƙe inda ya tsaya, ya manta abin da aka tambaye shi.

Ga niyyar da na ɗaura. Minti 10 kowace safiya kafin darasin lissafi, babu fensir babu littafi. Yara 32 ne a ajin. Ina so kafin ƙarshen zango na biyu kowane yaro ya iya haɗa kowaɗanne lambobi biyu daga 1 zuwa 9 da ka, kuma in an ce masa "yaya ka yi?" ya iya faɗa. Wannan na biyun ya fi mini muhimmanci. Wannan makon ba zan koyar da komai ba, zan zauna da su ɗaya bayan ɗaya in ga yadda kowa yake yi.

Juma'a, 20 ga Satumba, 2024

Na gama da duka 32. Tambayoyi huɗu na yi wa kowa: 3 + 2, 5 + 4, 2 + 7, 8 + 5. Ban damu da daidai ko kuskure ba kamar yadda na damu da yatsunsu da leɓɓansu, don a nan ake ganin abin da ke faruwa a ka.

Yara 13 suna ƙirga komai daga ɗaya. In ka ce 5 + 4, su ƙirga biyar, su ƙirga huɗu, sannan su koma su ƙirga duka. Wasu 13 suna ɗorawa daga lambar farko: "biyar... shida, bakwai, takwas, tara." Sauran 6 sun haddace wasu amsoshi, kuma biyu daga cikinsu suna ciro amsa daga wata amsar da suka sani. Wata yarinya ta ce mini, "Malama, biyar da biyar goma, a cire ɗaya." Waɗannan matakai ba ajina kaɗai ba ne. Masu bincike Thomas Carpenter da James Moser sun bi yara a Amurka daga aji ɗaya zuwa aji uku, kuma abin da suka wallafa a 1984 ya nuna wannan hawa: ƙirga duka, ɗorawa, ciro amsa daga sananniya, sannan sani kai tsaye.

Gwajin da ya fi raba mini su shi ne na kofi. Na ƙirga tsakuwa biyar a gaban yaro, na kifa kofi a kansu, na ajiye uku a waje, na ce duka nawa. Mai ɗorawa yakan taɓa kofin ya ce "biyar", ya wuce. Mai ƙirga duka sai ya kai hannu zai ɗaga kofin, ko ya ce uku, don abin da ba ya gani ba ya cikin lissafinsa.

Akwai yara biyu da matsalarsu ta fi wannan zurfi. In suka ƙirga tsakuwa shida, na ce "nawa ke nan?", sai su sake ƙirgawa. Ba su riƙe cewa lambar ƙarshe da suka faɗa ita ce yawan abin baki ɗaya ba, ƙa'idar da Rochel Gelman da Randy Gallistel suka lissafa cikin ƙa'idojin ƙirga a 1978. Waɗannan biyun ba zan ɗora musu tarawa ba tukuna.

Laraba, 2 ga Oktoba, 2024

Mako guda da rabi ke nan muna katin ɗigo. Na yanka kwali, na yi ɗige-ɗige manya da alƙalamin maka, wasu a jere irin na ƙwayar ludo, wasu a warwatse. Ina ɗaga kati na kamar daƙiƙa biyu, in sauke. Lokacin bai isa a ƙirga ba, kuma da gangan ne. Ɗan'adam yana iya ganin abu uku ko huɗu ya san yawansu nan take, abin da masu bincike irin su Kaufman suka yi nazari a kai tun 1949. Abin da ya wuce haka, sai ido ya raba shi gida-gida. Wannan rabawar nake nema, don ita ce tarawa tun kafin a kira ta da sunanta.

Tambayar da ta sauya ajin ita ce "yaya ka gan su?" A katin bakwai, wani ya ce huɗu a sama uku a ƙasa. Wata ta ce biyar da biyu. Wani yaro a layin baya ya ce shida ne da ɗaya a gefe. Duk na rubuta a allo. Suka yi shiru suna kallon bakwai ɗaya da fuska uku.

Batun yatsu kuma, ban hana ba, kuma ba zan hana ba. Yaron da aka hana yatsu yakan sa hannu ƙarƙashin tebur ya ci gaba, ko ya koma gyaɗa kai, sai malami ya rasa tagar da yake leƙa tunaninsa. Abin da na sauya shi ne yadda ake amfani da su. In na ce bakwai, ina so hannu ya tashi lokaci guda, biyar nan biyu can, ba a miƙe su ɗaya-ɗaya ba. Hannu biyu da kansu darasi ne: bakwai biyar ne da biyu, kuma yatsu ukun da ke lanƙwashe su ne suka rage a cika goma.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 2024

Mun shiga ɗorawa, kuma wani kuskure ya fito da yawa: 6 + 3 = 8. Yaron yana cewa "shida, bakwai, takwas", yana miƙe yatsa tun daga shida. Ya ƙirga uku kam, amma ya sa shidan cikin ukun. Kofi ne ya warware mana. Shida suna ƙarƙashin kofi, an riga an gama da su, yaro ya dafa kofin ya ja kalmar, "shiiida", sannan ya taɓa na waje.

Sai batun farawa da babba. Na ba su 2 + 9. Masu farawa da biyu suka yi ta hawa, wasu suka ɓace a hanya. Yarinyar nan mai "biyar da biyar goma" ta amsa kafin in rufe baki: ta fara da tara, ta ƙara biyu. Wani ya ce, "Malama, ai ta juya, ba haka kika ce ba." Na ji daɗin wannan ƙorafi. Na ɗauko kati mai ɗigo biyu a hagu, tara a dama, na juya shi ƙasa ta koma sama. Na ce wa ya ga ɗigo ya faɗo? Babu. Guy Groen da John Parkman sun auna a 1972 cewa lokacin da 'yan aji ɗaya suke ɗauka kafin su amsa yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙaramar lambar, alamar cewa a ransu suna tashi daga babbar. Yara da yawa su suke gano wannan da kansu. Aikina shi ne in sa wanda ya gano ya faɗa wa wanda bai gano ba.

Juyawar nan tana rage kaya ƙwarai. Haɗe-haɗen lambobi daga 1 zuwa 9 guda 81 ne. In yaro ya yarda cewa 2 + 9 da 9 + 2 abu ɗaya ne, sun koma 45.

Laraba, 23 ga Oktoba, 2024

Na yi kuskure wannan makon, kuma dole in rubuta shi. Ganin sun fara kamawa, sai na sa gasa: layi da layi, wanda ya riga faɗa ya ci. Kwana biyu ajin ya yi ta sowa, na ɗauka abin na tafiya. Yau na tsaya na duba fuskoki. Yara biyar ko shida ne suke amsawa. Sauran sun daina ko gwadawa, suna jiran gwanin layinsu. Wata yarinya da a makon jiya ta fara ɗorawa da kyau, da na nuna ta sai ta yi tsuru-tsuru, ta faɗi lambar da ta zo bakinta, idonta ya ciko. Na koya mata a kwana biyu cewa lissafi na masu sauri ne.

Na soke gasar. Daga gobe ba ɗaga hannu, ba kiran "Malama ni, Malama ni". Wanda ya samu amsa ya ɗora babban yatsa a ƙirjinsa shiru. In ya samu hanya ta biyu kafin sauran su gama, ya ƙara yatsa. Ni kuma zan ƙirga a zuciyata kafin in kira kowa. Mai binciken koyarwa Mary Budd Rowe ta nuna tun shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, yaran da ke amsawa suna ƙaruwa, amsoshin ma su yi tsawo. Na san wannan tuntuni, na bar sowar yara ta rufe mini ido. Sauri zai zo, amma daga fahimta nake so ya fito.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Gidan goma: layi biyu, kowanne ɗaki biyar, an zana a kwali. Kowane yaro yana da nasa da tsakuwarsa. In na sa bakwai, tambayata biyu ce, nawa ke ciki, ɗaki nawa babu kowa. Mun sa musu suna abokan goma: 9 da 1, 8 da 2, 7 da 3, 6 da 4, 5 da 5. Na 9 da na 5 sun zauna a rana ɗaya. 7 da 3 da kuma 6 da 4 suna ta cakuɗewa, har yanzu ina jin "bakwai da huɗu goma". Za mu zauna a nan mako biyu ko fiye, don duk abin da ke gaba a kan wannan zai hau.

Yarinyar da gasa ta firgita ta ɗora yatsa a ƙirji yau. Ban kira ta ba, na dai gyaɗa mata kai.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024

Yau na tambayi 10 + 3, na ga kusan rabin ajin suna ɗorawa: "sha ɗaya, sha biyu, sha uku." Abin ya ba ni mamaki, don amsar tana cikin tambayar. Goma da uku, goma sha uku. Sai na lura da abin da kunnena ya saba da shi har ya daina ji. Yara ba sa cewa goma sha uku, "sha uku" suke cewa, kamar yadda mu manya muke yi. Goman ya faɗi daga baki, don haka ya faɗi daga tunani. A wurinsu "sha uku" suna ne kawai na lambar da ke bin "sha biyu".

Na kafa doka ta minti goman nan: a faɗi lamba da cikakken sunanta. Na cika gidan goma ɗaya, na sa uku a na biyu, muka faɗa tare ina dafa kowanne, goma, sha uku. Kafin mu tashi, 10 + 6 da 10 + 8 sun daina buƙatar yatsa wajen yawancinsu. Ban taɓa ganin darasi ya kama da wuri haka ba, kuma ba dabarata ba ce, harshen ne ya riga ya yi aikin.

Wannan gata ne da ba kowane harshe ke da shi ba. Irene Miura, a ƙarshen shekarun 1980, ta kwatanta 'yan aji ɗaya masu magana da Turanci a Amurka da takwarorinsu masu Japananci da Sinanci da Koriyanci, inda 13 ake ce mata goma-uku, 30 kuma uku-goma. Waɗannan sun fi saurin nuna lamba a matsayin gomomi da ɗaiɗai. Harshe ba shi kaɗai ne dalili ba, akwai yadda ake koyarwa, amma yana da nasa rabon. A Turanci eleven da twelve ba sa nuna goma ko kaɗan, thirteen kuma uku ake fara ji alhali 1 ake fara rubutawa, ga shi tana kama da thirty a kunne. Hausa daga 11 zuwa 19 a buɗe take, kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, goma gaba, ragowar a baya.

Inda Hausa ta rufe shi ne gomomi. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har casa'in, daga Larabci muka aro su, kuma yaro ɗan shekara 7 ba ya jin biyu a cikin ashirin ko biyar a cikin hamsin. Tsohuwar ƙirga tana da gomiya biyu, gomiya uku, kuma na yanke shawarar zan dawo da ita a matsayin tsani idan muka kai can: ashirin, wato goma biyu.

Akwai kuma wata taska da na ajiye don gaba. Muna cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu. Mai faɗin haka ya tsaya a kan cikakkiyar lamba ya waiwayo baya, kuma wannan ita ce dabarar da littattafai suke wahalar koyarwa wajen haɗa 19 ko 28 da wata lamba.

Ƙaramin abu: na daina cewa "a tara da" a ajin nan. Tara a tara da huɗu, ko da yake murya ta bambanta su, yana sa ƙananan su tsaya. Ina cewa "da" ko "a haɗa".

Talata, 26 ga Nuwamba, 2024

Mun iso kan dutsen, wato tsallake goma. 8 + 5. Abin da nake so yaro ya gani: takwas tana neman biyu ta cika goma, a ciro biyun daga biyar, saura uku, goma sha uku. A bakin babba wannan numfashi ɗaya ne. A kan yaro abubuwa uku ne a jere, kuma dole kowanne ya riga ya zauna: ya san abokin takwas, ya iya fasa biyar gida biyu da uku, ya san goma da uku ba tare da ƙirga ba. Duk yaron da ya tsaya, in na bincika, ɗaya daga cikin ukun ne ya yi rauni. Mafi yawa na tsakiyar ne. Na ba da ƙarfi wajen abokan goma, na yi sakaci da fasa biyar, shida da bakwai. Mun koma mun yi wannan kwana uku: tsakuwa shida a hannu biyu, in buɗe hannu ɗaya, nawa ke ɗayan.

Ina bin tsarin da masanin koyo Jerome Bruner ya bayyana a 1966, wanda manhajar lissafi ta Singafo ta gina a kansa: a fara da abin da hannu zai taɓa, a koma hoto, sannan alamar lamba. Da farko yaro yana ɗaukar tsakuwa biyu da hannunsa daga gidan biyar ya kai gidan takwas. Bayan kwanaki sai in ce kada ka taɓa, duba kawai ka gaya mini wacce za ka ɗauka. Bayan nan in rufe gidajen da takarda. Matakin rufewar nan shi ne ainihin wurin da lissafi ke tashi daga tebur ya koma ka, kuma na ga in na yi gaggawar kai su can, yatsu suke komawa.

Na kuma haɗa wani abu da maɓallai 20 a zare biyu, kowane zare biyar ja biyar fari, kwaikwayon abin ƙirgar da Adri Treffers na Cibiyar Freudenthal a Holan ya tsara. Amfaninsa shi ne yana fito da biyar. A 7 + 6 wani yaro ya duba ya ce, "Jajayen goma ne, fararen uku." Ban koya masa wannan hanyar ba. Biyar da biyar, sannan biyu da ɗaya.

Daren jiya na zauna na lissafa abin da ke gabanmu, hankalina ya kwanta. Haɗe-haɗen da suka wuce goma, in an cire juyawa, 20 ne kacal. Huɗu tagwaye ne, 6 + 6 har 9 + 9, kuma yara suna son tagwaye, suna kama su da wuri. Bakwai masu tara ne, goma ba ɗaya ke nan. Uku maƙwabtan tagwaye ne: 5 + 6, 6 + 7, 7 + 8. Abin da ya rage shida ne: 8 + 3, 8 + 4, 8 + 5, 8 + 6, 7 + 4, 7 + 5. Waɗannan shidan su ne masu taurin kai, kuma su ne cika goma ya fi yi wa amfani.

Juma'a, 6 ga Disamba, 2024

Na maimaita gwajin Satumba. Masu ƙirga duka sun ragu daga 13 zuwa 5. Masu ɗorawa 15, kusan dukansu daga babbar lamba. Yara 12 suna amfani da tagwaye ko cika goma a 8 + 5. Biyun nan da ba su riƙe lambar ƙarshe ba, yanzu sun riƙe.

Mahaifiyar wani yaro ta same ni bayan an tashi. Ta ce, "Malama, na ga littafinsa babu aikin tarawa da yawa, shi ya sa babansa yake sa shi a gida." Ta nuna mini takardar. Layuka ne an zana tsaye, takwas nan bakwai can, yaro ya bi su da fensir yana ƙirgawa. Na gane dalilin da yaron yake komawa ƙirga duk Litinin. Ban ga laifinsu ba, kulawa ce ta sa, kuma ni ce ban yi wa iyaye bayani ba tun farko. Na kira yaron na ce masa takwas da bakwai. Ya ce, "Bakwai da bakwai goma sha huɗu, da ɗaya, goma sha biyar." Ta dube shi, ta dube ni. Na roƙe ta abu ɗaya a hutun nan: in ya ba da amsa, daidai ko kuskure, a tambaye shi yaya ya yi, a saurara har ya gama. Na rubuta wa sauran iyaye gajeriyar takarda mai wannan roƙon.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An dawo hutu, kuma jikina ya yi sanyi a rana ta farko. Yaran da suka cika goma a Disamba na ga suna miƙe yatsu. Bayan mako guda yawancinsu sun dawo inda suke, ba tare da na sake koyarwa daga tushe ba. Mai binciken tunanin yara Robert Siegler ya daɗe yana nuna cewa yaro ba ya barin tsohuwar hanya ranar da ya koyi sabuwa. Yana riƙe da hanyoyi da yawa a lokaci guda, sabuwar tana ƙara yawa, tsohuwar tana ja da baya a hankali, kuma in ya gaji ko ya ji tsoro yakan koma wadda ya fi amincewa da ita. Don haka na daina rubuta "ya wuce ƙirga" a gaban sunan kowa. Ina rubuta sau nawa cikin biyar ya amsa ba tare da ƙirga ba.

Na kuma gyara tsarin minti goman. Biyu na farko kullum na tsohon abu ne, katin ɗigo ko abokan goma, ko da sun iya.

Laraba, 29 ga Janairu, 2025

Da waɗanda suka yi nisa, kusan 20, mun taɓa lambobi masu gida biyu. Tsanin gomiya ya yi aiki: talatin da arba'in, goma uku da goma huɗu, goma bakwai, saba'in. Inda suka yi tuntuɓe shi ne 34 + 10. Da yawa sun ɗora ɗaya-ɗaya har sau goma. Sun iya rera goma, ashirin, talatin, amma ba su taɓa tsallen goma daga tsakiyar hanya ba. Muka yi ta yi a allon ɗari, wanda aka jera lambobi goma-goma a kowane layi har ɗari: 4, 14, 24, 34, 44, suna kallon yadda gidan ɗaiɗai yake zaune bai motsa ba.

Sannan na ba su tambayar da na ambata ranar farko, 38 + 25. Hanyoyi biyu suka fito, kamar yadda masu bincike a Holan suka daɗe da rarrabewa. Wasu suka fasa duka biyun: 30 da 20 hamsin, 8 da 5 goma sha uku, 63. Wasu suka bar 38 yadda take suka yi tsalle: 48, 58, da biyu 60, da uku 63. Na zana musu layi fari a allo, babu lamba ko ɗaya sai wadda suka sauka a kai. Na fi karkata ga tsalle, don yaro yana riƙe da lamba ɗaya ce a kowane lokaci, kuma idan muka je ɗebewa hanyar ba za ta juya masa baya ba. Amma ban hana fasawa ba.

Yara uku sun ce 513. Duk ukun an riga an koya musu jera lambobi sama da ƙasa. Uku da biyu biyar, takwas da biyar goma sha uku, suka manna. Na ce wa ɗaya, "Talatin da takwas ta kai arba'in?" Ya ce a'a. "Ashirin da biyar ta kai talatin?" A'a. "To za su kai ɗari biyar?" Ya yi dariya ya ce a'a, amma bai san inda ɗari biyar ɗin ta fito ba. Mai binciken lissafin yara Constance Kamii ta yi gargaɗin wannan: in aka ba yaro ƙa'idar jerawa kafin ya san darajar gida, 3 ɗin da ke cikin 38 takan koma uku a idonsa, ba talatin ba. Jerawa tana da ranarta, kuma zan koyar da ita. Ina so dai ta tarar da yaron da ya riga ya san amsar tana kusa da sittin.

Taskar da na ajiye ta buɗe da kanta yau. Na ce 19 + 6. Yaron layin baya ya ce 25 nan take. Yaya ka yi? "Malama, ai ashirin ba ɗaya ce. Ashirin da shida, ba ɗaya." Na rubuta maganarsa a allo yadda ya faɗe ta, muka gwada ta a 29 + 5 da 18 + 7.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 2025

Gwaji na uku. A 8 + 5, yara 21 sun sani kai tsaye ko sun ciro ta wata hanya da suka iya bayyanawa. Takwas suna ɗorawa daga babba, daidai, amma sun tsaya a nan. Uku har yanzu suna farawa daga ɗaya in lambobin sun wuce biyar. Yaron da ya sunkuya kan yatsun ƙafarsa a Satumba yana cikin 21 ɗin. Na juya masa tambayar kamar wancan karon, ya ce, "Ai ɗaya ne, Malama."

Takwas ɗin tsakiya su suka fi damuna, don ɗorawa tana ba su amsa daidai, ba su ga dalilin barinta ba. Zan riƙa ba su irin 9 + 8 da 8 + 7, inda ɗorawa take da tsawo har ta gajiyar, kuma in zaunar da kowannensu kusa da mai cika goma.

Wani sabon rami kuma ya bayyana jiya. Na rubuta 8 + 4 = __ + 5. Kusan duk ajin suka ce 12, har da gwanayen, wasu kuma suka ce 17. A wurinsu alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe", ba "wannan gefe da wancan nauyinsu ɗaya" ba. Duk wata biyar ɗin nan haka nake rubuta musu ita, tambaya a hagu, amsa a dama. Daga Litinin zan fara rubuta 12 = 8 + 4 da 7 + 3 = 6 + 4, kuma na aro ma'auni mai kwano biyu daga ɗakin kimiyya don su ga gefe biyun da idonsu.

Ukun da suka rage kuma zan ɗauke su daban, minti biyar bayan an fita hutu, mu koma kan kofi da tsakuwa, daga huɗu a rufe da ɗaya a waje.